Me ya sa Guardians of the Galaxy na uku ya fi na baya nauyi?

Tambaya: Malam, ni da yarana mun kalli Guardians of the Galaxy na ɗaya da na biyu, mun sha dariya. Da na zauna kallon na uku ni kaɗai, sai na ga kamar ba waɗanda suka yi na baya ne suka yi shi ba. Me ya faru? Wanne ya fi kyau a cikinsu? Kuma ya dace in bar yara su kalla?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba, na ukun ya fi nauyi. Sai dai hannu bai canja ba. James Gunn ne daraktan dukkan ukun, na 2014 da na 2017 da na 2023. Na farko ya rubuta shi tare da Nicole Perlman, sauran biyun kuwa shi kaɗai ya rubuta. 'Yan wasan ma su ne dai: Chris Pratt, Zoe Saldaña, Dave Bautista, Karen Gillan, da Bradley Cooper mai yin muryar Rocket.

Bari in fara sallamar maganar yara, tunda ita ce ta gaggawa. A Amurka alama ɗaya aka ba duka ukun, PG-13, wato a yi hattara da yaron da bai kai shekara 13 ba. Amma alama ɗaya takan rufe fina-finan da ke da tazara mai nisa a tsakaninsu. In yaranka ba su kai sha biyu ba, ni dai ba zan nuna musu ba. Akwai 'yan dabbobi a keji da aka yi wa tiyata aka dasa musu ƙarafa, akwai kashe su a gaban ido, akwai fuskar da fatarta ta saɓule har ana ganin nama, akwai kuma wata ashar ta Turanci da fina-finan wannan jerin na Marvel ba su taɓa bari ta fito fili ba sai a nan. Sannan mugun fim ɗin yana furta saɓo ƙarara, ya ce wai babu Ubangiji, shi ya sa shi ya ɗauki aikin. Labarin bai goyi bayansa ba, ƙarshensa ma ƙasƙanci ne, amma yaro na bukatar babba a gefensa da zai ce masa wannan halin Fir'auna ne ake nuna maka. In sun kai sha uku zuwa sama, ku kalla tare.

Yanzu ga inda zan ɗan yi maka musu. Fina-finan farko biyu ba su kai sauƙin da muke tunawa ba. Dubi yadda na ɗaya ya buɗe: shekarar 1988, yaro Peter Quill a asibiti, mahaifiyarsa kwance ciwon daji ya gama cin ta. Ta miƙo hannu ta ce ya riƙe, ya kau da kai, kafin ya juyo rai ya yi halinsa. Drax, wanda ya fi kowa ba mutane dariya, mutum ne da aka kashe masa mata da 'ya. Na biyun ma ya fi muni in aka zauna lissafi. Ego, mahaifin Peter, ya hayayyafa a duniyoyi daban-daban, duk ɗan da bai gaji ikonsa ba sai ya kashe shi, har Gamora, abokiyar tafiyar Peter, da 'yar'uwarta Nebula suka iske ƙasusuwansu jibge a kogo. Shi da bakinsa ya faɗa wa Peter cewa shi ya dasa wa uwarsa ciwon a ƙwaƙwalwa. An jefa amintattun Yondu, shugaban 'yan fashin sama da ya raini Peter, ɗaya bayan ɗaya cikin sararin samaniya suka daskare. Yondu ya rama da kibiyarsa, ya karkashe 'yan tawayen kaf yana takawa a hankali. Nebula ta ba da labarin yadda Thanos, uban riƙonsu, ke haɗa ta faɗa da 'yar'uwarta tun suna yara, duk ranar da aka kayar da ita sai ya cire mata wata gaɓa ya maye gurbinta da ƙarfe. Wannan fa shi ne fim ɗin da kuka sha dariya a kansa.

To me ya sa bai dame ku ba? Dabaru biyu Gunn ya yi amfani da su. Ta farko, mafi yawan azabar labarinta ake bayarwa da baki. Ba mu ga ranar da aka kashe iyalin Drax ba, ba mu ga Thanos yana yanke hannun Nebula ba, 'ya'yan Ego kuwa ƙasusuwa muka tarar, ba mu san fuskar ko ɗaya ba. Ta biyu, da zarar ciwo ya taso sai a turo waƙa ko barkwanci su danne shi kafin ya zauna a zuciya. Daga gadon asibitin nan, 'yan mintoci kaɗan sai ga Peter ya girma yana tiƙar rawa a kangon wata duniya. Kisan da Yondu ya yi da kibiya an ɗora shi a kan waƙa mai daɗi, Baby Groot, ɗan jaririn bishiyar tawagar, na kai da komo, mai kallo na murmushi alhali gawawwaki na zubowa daga sama. Har faɗan ƙarshe na fim na ɗaya da rawa aka karya shi: mugun fim ɗin, Ronan, na shirin halaka duniyar Xandar, Peter ya tsaya gabansa yana ƙalubalantarsa gasar rawa. Kunun tsamiya ne da aka cika wa sukari. Tsamin na nan tun farko.

A na ukun Gunn ya janye dabarun biyu a wuri guda, wato labarin Rocket. Ga yadda aka gina shi a taƙaice. Wani ƙaƙƙarfan mayaƙi mai suna Adam Warlock ya kawo hari Knowhere, inda tawagar ta yi mazauni, ya ji wa Rocket mummunan rauni. Da aka zo yi masa magani sai aka tarar akwai wata na'ura a jikin zuciyarsa da za ta kashe shi in aka taɓa, kamfanin da ya ƙera shi ne ya dasa ta. Abokansa suka bazama neman lambar da za ta kwance ta. Shi kuwa yana kwance rai a hannun Allah, mu kuma ana mayar da mu ƙuruciyarsa kashi-kashi: ɗan rakun, wata ƙaramar dabbar dajin Amurka, da wani hannu ya zaro daga cikin 'yan'uwansa, aka farke shi aka ɗinke, aka ba shi lamba 89P13, aka jefa shi keji. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce ciwo.

Ka lura da wani abu da mutane da yawa ba su kula da shi ba. Rocket ne mai kaifin bakin tawagar, shi ne wanda in an fara maganar tausayi zai jefo baƙar magana ya watsa ta. A wannan fim an kwantar da shi sumamme fiye da rabin lokaci. Peter, mai rawa, an fara nuna shi ne a buge, ana ɗauke da shi kamar gawa, saboda baƙin cikin rasa masoyiyarsa Gamora. Wato masu kare mu daga zafin labarin su biyu, ɗaya ya suma, ɗaya ya karaya. Wannan tsari ne da aka yi da gangan, kuma a ganina shi ne ya fi komai canja ɗanɗanon fim ɗin.

Cikin kejin nan akwai raha, amma aikinta ya juye. Rocket ya sami abokai uku: Lylla, wata dabbar ruwa da aka sa wa hannayen ƙarfe; Teefs, ƙatuwar dabbar teku mai haure da aka ɗora a kan tayoyi; da Floor, zomo mai ƙafafun ƙarfe irin na gizo-gizo da takunkumi a baki. Suna wasan guje-guje a 'yar kusurwarsu, suna kwanciya rigingine suna zaɓa wa kansu suna, suna mafarkin ranar da za a kai su sabuwar duniya su ga sararin sama. Mai kallo ya riga ya san ba za su je ba, domin ya san Rocket tun 2014 kuma bai taɓa jin ya ambaci ko ɗayansu ba. Saboda haka duk dariyar da suka yi ƙara mana nauyi take. A fina-finan baya raha na rage zafi, a nan kuwa ita ke hura shi. Da ranar ta zo, Rocket ya haɗa katin buɗe keji daga tarkacen da ya daɗe yana ɓoyewa, ya buɗe, ya rungumi Lylla karo na farko, sai harsashin mugun ya same ta. Kyamara ta tsaya a kan kukansa, babu wanda ya shigo da wasa. Sauran biyun kuma suka mutu a musayar wutar da ta biyo baya, wutar da shi ma yana cikin masu harba ta.

Akwai kuma batun girman abin da ake tsoron rasawa. A na ɗaya duniyar Xandar ce za ta halaka. A na biyu Ego zai haɗiye duniyoyi bila adadin. A na uku ran aboki guda ake nema. A lissafi wannan ya fi ƙanƙanta, amma zuciya ba ta bin lissafi: mutum ba ya iya yi wa biliyoyin da bai sani ba kuka, yana iya yi wa zomon da ya ji muryarsa. Fim ɗin ma ya tabbatar da haka a kansa ta hanyar da ba ta yi masa kyau ba. A tsakiyarsa an tarwatsa Counter-Earth, duniya sukutum da mazaunanta, har da iyalin da suka karɓi baƙuncin su Peter suka ba su mota. Labarin ya wuce abin da sauri, babu wanda ya tsaya ya yi juyayinsu. Fim ɗin da ke son koya mana cewa kowane rai na da daraja bai kamata ya yi wannan sakaci ba, kuma ina ƙirga shi cikin manyan laifuffukansa.

Mugun ma daban ne. Ronan na fim na ɗaya kurari ne kawai da baƙin kwalli, ba wanda ke tunawa da shi. Ego, wanda Kurt Russell ya fito a matsayinsa, mai daɗin baki ne, yana jan ka a jiki kafin ka gane ko wane ne. High Evolutionary kuwa, mugun na uku wanda ya ƙera Rocket, ba a ba shi uzuri ko guda ba, babu marayci a tarihinsa, babu wata manufa da za ka ce yana da 'yar gaskiya. Chukwudi Iwuji ne ya hau wannan matsayi, haifaffen Nijeriya, ya yi karatu a jami'ar Yale, ya goge a dandalin wasannin Shakespeare a Ingila, kuma ya yi aiki da Gunn a shirin Peacemaker kafin wannan. Abin da ya fi burge ni a rubutun shi ne tushen ƙiyayyarsa ga Rocket. Hassada ce. Injinsa na gaggauta halitta yana fitar da dabbobi masu haukan faɗa, ya rasa gane matsalar, sai ga ɗan abin da ya ƙera da hannunsa ya duba ya faɗa masa gyaran. Maimakon murna sai ya tashe shi da dare yana tuhumarsa: ya aka yi ka sani, alhali ni na yi ka? Daga nan ya yanke hukuncin cire ƙwaƙwalwarsa, a ƙone sauran. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin maigidan da ba ya son yaronsa ya fi shi zai gane wannan mutum. Iwuji ya fi ban tsoro a wuraren da yake magana a hankali yana shafa kan Rocket. A rabin ƙarshe an bar shi yana ta ihu, kuma ihun ya rage masa kwarjini.

Waƙoƙin ma sun canja ma'ana. A fina-finai biyun farko kaset ne da mahaifiyar Peter ta haɗa masa, waƙoƙin shekarun 1960 da 1970, muryar uwa ce ke bin ɗanta duk inda ya shiga. Faifan waƙoƙin fim na ɗaya har ya hau matsayi na farko a jadawalin Billboard na Amurka, alhali babu sabuwar waƙa ko ɗaya a ciki. A ƙarshen na biyu Ego ya murƙushe rediyon kaset ɗin, aka ba Peter wata na'urar Zune, mai ajiye waƙoƙi masu yawa, a madadinsa. Shi ya sa na uku ya sami damar ɗauko waƙoƙin shekarun 1990 da bayansu, kuma ya buɗe da "Creep" ta Radiohead, waƙar mutumin da ke ganin kansa bare a ko'ina. Rocket ne ke sauraronta yana bi a hankali. Kwatanta wannan da buɗewar na biyu, inda Baby Groot ke rawa ana gwabza faɗa a bayansa. Minti biyar na farko sun isa su gaya maka fim ɗin na wane ne.

Game da dalilin canjin, akwai na cikin labari, akwai na waje. Tsakanin na biyu da na uku an yi Avengers: Infinity War a 2018, inda Thanos ya jefa Gamora daga kan dutse ta mutu, sannan Endgame a 2019, inda aka dawo da wata Gamorar daga shekarar 2014, wadda ba ta taɓa sanin Peter ba balle ta so shi. Ba Gunn ya ba da umarnin waɗannan ba, amma dole ya gaji abin da suka bari. Na waje kuwa, a Yulin 2018 Disney, mai kamfanin Marvel, ta kore shi bayan an tono wasu tsofaffin rubuce-rubucensa na Twitter masu munin barkwanci. 'Yan wasan suka sa hannu a budaɗɗiyar wasiƙa suna goyon bayansa, a Maris 2019 aka mayar da shi, amma ya riga ya karɓi aikin The Suicide Squad a kamfanin hamayya, wato DC. Fim ɗin da aka so fitarwa a 2020 bai fito ba sai Mayun 2023, lokacin Gunn ya riga ya zama ɗaya daga cikin shugabannin DC Studios biyu. Ya san na bankwana yake yi. Wasu na cewa korar ce ta sa fim ɗin ya yi duhu. Ban cika yarda ba, domin ya riga ya rubuta labarin kafin a kore shi, kuma irin yana nan a shuke tun 2014. Koma ka duba wurin da aka kai su kurkukun Kyln, Peter ya hangi ƙarafan da ke bayan Rocket ya yi shiru. Ka duba kuma inda Rocket ya bugu a Knowhere yana cewa shi bai roƙi a yi shi ba, bai roƙi a yayyaga shi a sake haɗawa ba. Gunn ya sha faɗa cewa Rocket ne ya fi jin kansa a cikinsa, kuma ƙarasa labarinsa na cikin abin da ya dawo da shi.

Wanne ya fi kyau? In ginin fim ake magana, na ɗaya. Minti 121 ne, babu kitse, kowane mutum an gabatar da shi da aikinsa, barkwanci da labari na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na biyu ya fi su yawan wasa, kuma wasu wasannin an ja su har sun gundura, irin dogon tsokanar sunan Taserface, jagoran 'yan tawayen, amma mutuwar Yondu da jana'izarsa sun fanshe shi. Na uku shi ne ya fi kaiwa ƙololuwa, shi ne kuma ya fi yawan tuntuɓe. Abin da ya shafi kejin nan ya fi duk wani abu da ke cikin fina-finan uku, ban ma san wani wuri a jerin Marvel da ya kai shi taɓa zuciya ba. Amma fim ɗin minti 150 ne, kuma ɗinkin da ke tsakanin ɓangarorinsa a fili yake. Daga ɗakin tiyata sai a cilla ka Orgocorp, kamfanin da ake neman lambar a cikinsa, ana ta wasan kayan sama jannati masu launi-launi da shirmen mai gadi da yaronsa dolo. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya mun saba ganin ɗan barkwanci ya shigo bayan an gama kuka, don haka cakuɗar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matsalar a nan ita ce su Peter na cikin tseren ceton ran abokinsu, kuma duk mintin da suka tsaya musu a kan maɓallin rediyo yana rage mana yarda cewa gaggawar gaske ce.

Adam Warlock, wanda Will Poulter ya fito a matsayinsa, asara ce. An yi alƙawarinsa a ƙarshen fim na biyu, masu karatun littattafan Marvel sun san shi babban jigo ne, sai aka kawo shi a matsayin ƙaton jariri da labarin ke ɗaukowa in yana bukatar a fasa bango, ya ajiye in an gama. Sannan fim ɗin ya cika barazanar mutuwar da ba ta tabbata ba. An harbi Drax, an kakkarya Nebula, zuciyar Rocket ta tsaya, Peter ya kumbura a sararin samaniya, duk suka tashi. A na ɗaya Groot ya ba da ransa, a na biyu Yondu ya mutu da gaske. Na ukun da ake kira mai duhu, babu ko ɗaya daga cikin tawagar da ya mutu.

Wannan na ƙarshen ban ɗauke shi laifi gaba ɗaya ba. Rabuwar da aka yi ta fi mutuwa wahalar rubutawa, kuma an yi ta da hankali. Peter ya koma Duniya wurin kakansa da ya guje wa tun yana yaro. Mantis, wadda a da take yi wa Ego hidima, ta tafi neman abin da ita kanta take so, tunda duk rayuwarta bin wani take. Drax ya zauna renon yaran da aka ceto, aikin uba da aka ƙwace masa tun farko. Rocket ya zama shugaba, bayan ya sami mugun a hannu ya ƙi kashe shi, ya kuma dage sai an fitar da dabbobin keji tare da yaran. Gamora kuwa ba ta koma wa Peter ba. Yawancin fina-finai da sun san yadda za su yi su haɗa su kafin a tashi, wannan ya bar ta ta koma cikin Ravagers, 'yan fashin sama, mutanen da ta ɗauka danginta.

Kasuwa ba ta hukunta nauyin ba. Na ɗaya ya tara kusan dala miliyan 773 a duniya, na biyu kusan 863, na uku kusan 845. A kwanaki uku na farko a Amurka na ukun ya gaza na biyu, dala miliyan 118 a kan 146, amma ya daɗe ana shiga kallonsa, alamar waɗanda suka gani sun yi ta turo wasu. Ya kuma zo ne bayan Thor: Love and Thunder na 2022, wanda aka yi ta suka saboda ya ɗauki labarin mai ciwon daji da uban da 'yarsa ta mutu ya nutsar da su cikin shirme. Ƙungiyar kare dabbobi ta PETA har lambar yabo ta ba Gunn, kuma an sa fim ɗin cikin 'yan takarar Oscar a fannin aikin kwamfuta, wanda ya cancanta, tunda duk hawayen da aka zubar a sinima saboda idanun dabbobin da babu su aka zubar.

In za ka sake kallonsa, ko za ka kalla da manyan yaranka, kada ku tsallako kai tsaye daga na biyu. Ku bi ta Infinity War da Endgame, in ba haka ba halin Gamora zai zama kamar rashin mutunci kawai. Akwai kuma gajeren shirin Kirsimeti na 2022 da Gunn ya yi wa Disney+, a can ne aka bayyana cewa Mantis 'yar Ego ce, wato ubansu ɗaya da Peter, a can kuma aka nuna tawagar ta sayi Knowhere. Na ukun yana ambaton waɗannan biyun kamar kowa ya riga ya sani.